Ɗamara a Ƙugun Mai Jego

Jar ɗamara ce ta fata, ɗinkin dukawan Maruwa, mai farin ƙarfe a baki. Idrisa ne ya sayo ta, kuma da hannunsa ya ɗora ƙusa a wuta ya yi mata sabon huji, can ciki, bayan duk waɗanda baduku ya yi. Wannan hujin shi ne alƙalin gidansa. Duk ranar Juma'a, kafin ya zura babbar riga ya tafi masallaci, sai matarsa Ummuhani ta tsaya a gabansa ta ɗaura. In ƙarfen ya shiga hujin, an zauna lafiya. In bai shiga ba, babu mai ganin haƙoran maigida har wata Juma'ar.

Ni Dela nake, ƙanwar uban Ummuhani, goggonta kamar yadda ake faɗa a nan Garwa. Mu mahauta ne na unguwar Rumde Ajiya, kaka da kakanni, kuma ba mu taɓa jin kunyar faɗa ba. A gidanmu ba a haifi siriri ba. Ummuhani ta tashi da jikinta a cike, in ta yi dariya har kafaɗunta ke rawa, kuma haka Idrisa ya gan ta, haka ya nema, haka aka ba shi. Ba a cikin buhu muka sayar masa da ita ba.

Shi ma'aikaci ne a ofishin firefe, wato babban jami'in mulki na yankinmu, yana buga takardu da keken rubutu, yana sa wuyan riga mai igiya ko da rana na tafasa ƙwaƙwalwa. Wata shekara, a bikin ranar ƙasa na ashirin ga Mayu, shugabansa ya kira su liyafa da matansu. Can ne matar shugaban, wata Madam Béatrice, ta dubi Ummuhani daga sama har ƙasa, ta yi wata magana da Faransanci, aka yi dariya. Ummuhani ba ta ji abin da aka ce ba, ita ma ta taya su dariyar. Idrisa ya ji sarai. Ya dawo gida da wata kalma wai ita rejim, kuma daga ranar tuwo ya zama haram a bakin 'yar mahauci. Dafaffen ganye babu mai, ruwan ɗumi da lemun tsami, sai ɗan kifi busasshe kamar na ɗan kyanwa.

Ta rame kuwa. Ta rame har mata suka riƙa tare ni a kasuwa suna tambaya ko tarin fuka ne ya kama yarinyar nan. Shi kuwa a ofis sai yabo, wai ya waye, ya gyara matarsa. Ranar da ta kai maƙurar rama, ranar ya yi wa ɗamara huji.

Ni da wautata, na ɗauka tunda ya sami abin da yake so, zai bar ta ta sha iska. Ina! Ashe tsare ramar ya fi yin ta azaba. Wanda ke son ya rage jiki yana ganin ƙarshen wahalarsa a gaba, amma wanda aka ce kada ya ƙara, ba shi da ranar gamawa. Na je mata wata Alhamis da dambun nama a ƙaramin kwano, irin wanda take sata a ɗakina tana yarinya. Na buɗe, ƙamshi ya cika ɗakin. Na ga maƙogwaronta ya motsa, na ga hannunta na hagu ya tafi ƙugu ya matsa, kamar mai neman tabbatar ba a sace mata wani abu ba. Ta rufe kwanon da kanta. Ta ce ranar Alhamis ko ruwa ba ta sha da yawa, saboda gobe Juma'a. Na yi faɗa, na ce wane irin hauka ne wannan, mutum da ransa ya riƙa azumin da babu lada.

"Goggo, ba za ki gane ba," ta ce. "Tsohon jikina yana nan tsaye a bakin ƙofa yana jirana. Loma ɗaya zan yi ya shigo."

Na dawo gida da kwanona, raina a ɓace, na juye wa yaran maƙwabta.

Sai Allah ya ba ta ciki. Muka yi murna, muka ce to, yanzu dole a kwance ɗamara. An kwance ta kuwa, amma Idrisa bai jefa ta a akwati ba. Ya kafa ƙusa a bango, daidai inda idonta zai sauka in ta kwanta a gado, ya rataye ta can. Ya ce hutu ne ya ba ta, ranar da ta yi arba'in za a koma aiki.

Kowa ya san haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Da cikin ya tsufa, yayana Uba, mahaifinta, ya sa aka share ɗakin uwarta marigayiya, aka tara itace, aka sayi babbar tukunyar wanka. Ya aika a gaya wa Idrisa za a zo a ɗauke ta goyon ciki. Amsar da ya bayar, wallahi har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina. Wai ba zai kai matarsa gidan da ake karya kumallo da kitse ba, a dawo masa da ita kamar saniyar turke, aikin da ya sha wahala a kai ya rushe. Yayana mutum ne mai kawaici. Ya ajiye wuƙarsa a kan teburin nama, ya ce Allah ya raba lafiya.

Ni ban yi shiru ba. Na sami uwar Idrisa, Hajiya Karimatu, wadda ke zaune tare da su. Tsohuwa ce da ta haifi 'ya'ya, ta sha kunun kanwa har ta gaji, ta san abin da jego ke nema. Na ce mata ta yi wa Allah ta tsawata wa ɗanta. Ta gyara zama a kan darduma, tana jan carbi, ta ce karen bana shi ke maganin zomon bana, yaran yanzu sun yi karatun Nasara, sun fi mu sanin jiki. Ta ce ana raɗe-raɗin za a ƙara masa girma a kai shi Yawunde, can kuwa mutum da matarsa ake auna shi. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na dubi kumatunta, luƙu-luƙu, ga kwanon miyar kuɓewa da man shanu a gefenta. Rejim ɗin bai biyo ta ƙofarta ba.

Ummuhani ta haihu a asibiti, namiji, ɗan ƙarami amma da kuzarinsa, yana kuka kamar ya san haƙƙinsa. Aka raɗa masa Lukmanu. Yayana ya yi abin da uba ke yi. Ya zaɓi bijimi, ya aika da kai da ƙafafu na ƙauri, ga gero, ga kanwa ungurnu, ga yajin jego da na daka da hannuna. Abincin mai jego ke nan tun kakanninmu, don jini ya dawo, nono ya kawo. Idrisa ya karɓa da hannu biyu, har da godiya. Ranar suna aka dafa ƙafafun nan suka yi lugub, aka jera wa baƙinsa na ofis a faranti. Na ga Madam Béatrice da idona tana tsotsar ɓargo, romo na bin gwiwar hannunta. Mai jego kuwa aka kai mata ruwan ɗumi da lemun tsami.

Wankan jego kaɗai ya yarda da shi, wai an gaya masa ruwan zafi na narkar da teɓa. Ta wannan ƙofar na shiga. Kullum da safe ina zuwa, in tafasa ruwa da ganyen darbejiya in yi mata wanka, kuma a ƙarƙashin mayafina akwai ƙaramar jalla ta kunun kanwa. Na ce mata ba don ita ba, don yaron nan. Ta duba ƙofa, ta duba bango, ta kafa kai ta sha. Na yi hamdala. Aka jima a haka ina ta murna, amma ina lura nono ba ya ƙaruwa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Wata safiya na manta tsintsiyar wanka, na koma daga bakin titi. Na same ta a bayan ɗaki, durƙushe a kan magudana, yatsa a maƙogwaro, kunun da na ba ta yana fita da zafinsa. Na tsaya kamar an dasa ni. Na so in mare ta, wallahi na so, amma da ta ɗago kai na ga idonta, sai hannuna ya mutu. Ta ce ba da gangan take yi ba, in kunun ya sauka sai ta ji kamar yana kumbura a cikinta, tana jin ƙugunta na faɗi, tana jin ƙarar ƙarfen ɗamara. Ta ce Idrisa ya rantse in ranar arba'in ɗamarar ba ta shiga ba, ba zai tafi da ita Yawunde ba, kuma ɗansa ba zai bar shi a hannun mahauta ba. To ashe nan ne ya kama ta. Da yaron ya yi mata barazana, kuma don kada ta rabu da yaron take hana shi abincinsa.

Lukmanu ya riƙa kama nono yana ja, yana saki, yana tsala kuka. Yaro na jan fata babu komai a ciki. Idrisa ya ce kukan na hana shi hutun rana. Ya dawo daga kanti da gwangwanin madarar gari da kwalba mai bakin roba, wai ita bibero, ya ajiye a tebur yana taƙama. Ya ce haka 'ya'yan manya ke tashi, kuma ma ya fi, domin shayarwa ita ke sa mace haɗama. Ya bar aikin haɗawa a hannun uwarsa. Hajiya kuwa ta ga gwangwani na saurin ƙarewa, sai ta riƙa sa ɗan kaɗan, abin da zai sa ruwa ya yi fari kawai. Ruwan kuma daga randa, wanda 'yan garuwa ke kawowa daga kogin Binuwai. Kwalbar tana kwana a kan taga, ƙudaje na sallama a bakinta.

Zawo ya kama yaron. Da farko Hajiya ta ce wankin ciki ne, kowane jariri na yi. Da ya ƙi tsayawa ta ce bakin mutane ne, ranar suna an yaba shi ba a ce tubarkalla ba. Da maɗigarsa ta faɗa, ta loma ciki har kana iya zuba ruwa ya tsaya, ta ce ciwon maɗiga ne, ta kwaɓa wani magani ta shafa masa a ka. Na ce a kai shi asibiti. Idrisa ya juyo kaina. Ashe uwarsa ta ga jallar kunu ta kai rahoto. Ya ce ni ce na ɓata nonon matarsa da kanwa, ni ce na kawo ƙazantar mahauta gidansa, kuma daga ranar kada ƙafata ta sake taka masa zaure. Na ce masa ƙazantar mahauta ce baƙinsa suka siɗe ranar suna. Ya nuna mini ƙofa da yatsa, yatsan da ke buga takardun gwamnati.

Na yi kwanaki ban je ba. Yayana ya ce in yi haƙuri, ba a shiga tsakanin miji da mata. Ranar da Ummuhani ta cika arba'in ta faɗo Juma'a, kuma na tashi da safe na ji ba zan iya zama ba. Na yafa mayafi na tafi, na tura ƙyaure ban yi sallama ba.

Na same su a ɗaki. Idrisa sanye da farar shadda, yana ƙamshin turare, ɗamara a hannunsa ya sauko da ita daga ƙusa. Ummuhani na tsaye a gabansa, ta ɗaga hannuwa, ta haɗiye numfashi. Lukmanu yana kan gado. Ba ya kuka. Idanunsa sun shige ciki, rabi a buɗe, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Na ja fatar cikinsa, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Na ce yaron nan mutuwa yake yi. Idrisa ko juyowa bai yi ba, ya ce barci yake, ai jiya ma haka ya wuni, zawon ya tsaya. Ya ce in an sauko daga masallaci zai roƙi motar ofis a kai shi, domin matarsa ba za ta bi titi a ƙafa da goyo kamar 'yar ƙauye ba.

Ban tsaya jin sauran ba. Na sunkuci yaron na goya, bai fi nauyin ɗan tsako ba a bayana. Hajiya na ta salati tana cewa za a sace mata jika. Ina fita na ji takun ƙafa a baya, ashe Ummuhani ce, ko takalmi babu, ta baro shi tsaye da ɗamararsa.

A asibiti suka karɓe shi da gudu, suka yi ta neman jijiya a hannu, a ƙafa, har a ka, jijiya ta ƙi samuwa. Malamar asibitin ta tambaya wace ce uwar, ta ce ta sa shi a nono ko zai kama. Ummuhani ta zauna a kan benci ta buɗe ƙirji. Na kau da kai, don abin da na gani ba ƙirjin mai jego ba ne. Ta matsa, ta sake matsawa har ta yi wa kanta shaida da farce, ko ɗigo bai fito ba. Yaron ya motsa baki sau ɗaya a kan fatar uwarsa. Ana kiran sallar Juma'a ya cika.

A zaman makoki ne na ga iyakar rashin kunyar ɗan Adam. Idrisa na zaune a tsakar gida kan tabarma da abokan aikinsa, yana karɓar gaisuwa, yana cewa kwanansa ne ya ƙare, Allah da ya ba da shi ya karɓi abinsa. Hajiya a cikin mata tana cewa tun ranar da aka haife shi ta ga ba mai zama ba ne. Wani ya ce ai zafin Garwa ba ya barin jarirai. Kowa ya sami inda zai rataya laifi, babu wanda ya dubi ƙusar bango. Sai ga Madam Béatrice da jakarta a hannu. Ta rungumi Ummuhani, ta ja baya ta dube ta, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, don ta faranta mata rai, wai wa zai ce wannan ta haihu, ko alama babu.

Ummuhani ba ta yi kuka ba tun daga asibiti. Ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta fito da ɗamarar, ta ratsa cikin mata ta nufi tabarmar maza, abin da ba a yi. Ta tsaya a gaban mijinta kamar yadda ta saba tsayawa kowace Juma'a. Ta zagaya fatar a ƙugunta, bisa zane, ta ja. Ƙarfen ya wuce hujin baduku, ya wuce hujin Idrisa, ya tafi can inda babu huji, fatar na reto.

"Ga shi ta shiga," ta ce, muryarta a kwance. "Har ta wuce. Tashi ka ɗora ƙusa a wuta."

Idrisa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, sannan ya ce wa na kusa da shi, a hankali, baƙin ciki ne ya taɓa ta. Yayana Uba, da bai taɓa ɗaga murya a gidan suruki ba, ya miƙe ya kwance ɗamarar daga jikin 'yarsa, ya jefa ta kan cinyar Idrisa, ya kama hannunta muka fito. Saki ya biyo mu daga baya, ba mu ma tambaya ba.

An kai Idrisa Yawunde kamar yadda aka yi raɗe-raɗi, har da ƙarin girma. Babu alƙalin da ya kira shi, babu malamin da ya ambaci sunansa a huɗuba, domin bai doke ta ba, bai zage ta a titi ba, kuma kowa shaida ne bai taɓa barin gidansa babu cefane ba. In miji ya fasa wa mace baki, unguwa na taruwa. In ya rufe mata baki da yunwa har ɗanta ya bushe a hannunta, sai a ce ɗan boko ne mai son tsari. Ni dai ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe, shi da tsohuwar da ta san gaskiya ta zaɓi man shanunta.

Ummuhani tana ɗakina yanzu a Rumde Ajiya, gidan da hayaƙin balangu ke shigowa ta kowace taga. Babu ɗamara, babu ƙusa, babu mai auna ta. Amma in na ajiye mata abinci, kafin hannun dama ya kai baki, na hagu ya riga ya tafi ƙugu ya matsa. Mun raba ta da Idrisa cikin yini ɗaya, abin da ya dasa mata kuwa ya biyo mu har gida.

Ɗazu na dama kunu na kai mata. Ta ɗauki ludayi, ta tsaya, ta tambaye ni yau wace rana ce. Na ce Talata. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta sha ludayi biyu ta ajiye.

Gaskiya kuwa, yau Alhamis ce.